Kifin Tukunya A Mutum Biyu, Kifin Kallo A Ikko: Yadda Ake Gyara Akwatin Da Ya Karce

Duk wanda ya taɓa bin hanyar mota daga Wukari zuwa Jalingo ya san Mutum Biyu, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Gassol ta Jihar Taraba, watau jihar nan da aka ciro daga tsohuwar Jihar Gongola a shekarar 1991. Ƙasa ce ta noma da kiwo, kuma ƙasa ce ta ruwa, domin Kogin Taraba ya ratsa ta, Binuwai kuwa ga shi nan kwance daga arewa. Matafiyin da ya tsaya a Tella ba sai an gaya masa ba, ƙanshin kifin banda ne zai fara tarbarsa. A ƙasar Ibi kuma ake yin bikin kamun kifi na Nwonyo.

Saboda haka yaron da ya tashi a wannan yanki ya san kifi tun yana ƙarami. Ya san tarwaɗa da karfasa da giwar ruwa, ya san inda ake riƙe ƙurungu kada ƙayarsa ta soke shi, ya san kuma ba a wasa da minjirya. Amma duk saninsa na kifi a bakin tukunya ko a kasuwa ya tsaya.

Ran da neman abinci ya kawo shi Kudu, ya sauka wurin 'yan'uwa a Agege ko Idi-Araba ko Obalende, ko kuwa Sabo ta Badun, aka samo masa aikin gadi ko na shara a wani gida a Ikoyi ko Lekki, ko a wani otal, sai ya tarar da abin mamaki. Ga kifi a cikin falo, a cikin wani akwati mai haske garau, an sa masa fitila da tsakuwa da injin iska, ana ba shi abinci safe da yamma, ba kuwa wanda ke da niyyar cinsa. Wani lokaci ma in ya duba da kyau sai ya ga ƙurungu ne, irin mai iyon nan da ciki a sama, ko gartsa, ko talibambam, waɗanda a gida ba a ɗauke su a bakin komai ba. Irin waɗannan kifaye na kogunan Nijeriya har ƙasashen Turai da Amurka da Asiya ake kai su ta jirgin sama daga Ikko, domin ado kawai.

Da maigida ya ji cewa yaron nan ɗan bakin ruwa ne, sai ya damƙa masa kula da akwatin. A nan ne ake samun matsala, domin sanin kifi dabam, sanin akwatin dabam. Yaro ya ga gansakuka ta kama jikin akwati, sai ya yi abin da ya ga ana yi wa tukunya a gida, ya ɗauko soson ƙarfe ko ɗan yashi ya dirje. Ruwa na bushewa sai ga zane rututu, akwati ya yi hazo kamar ranar hunturu. Abin da ke biyo baya sananne ne: faɗa, ko yanke albashi na watanni, ko kora, wani lokaci har da zubar da mutuncin dattijon da ya tsaya masa aka ɗauke shi. Alhali kuwa in akwatin na akirilik ne, mafi yawan irin wannan ɓarna tana gyaruwa da hannu, da kayan da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

GILASHI NE KO AKIRILIK?

Wannan ita ce tambayar farko, domin akwatunan kifi iri biyu ne. Akwai na gilashi, akwai kuma na akirilik, wata irin roba mai ƙarfi wadda haske ke ratsawa har fiye da gilashin taga. Masu rubuta allunan talla sun fi saninta da suna Perspex, sunan da kamfanin ICI na Ingila ya ba ta a shekarar 1934, bayan da kamfanin Otto Röhm na Jamus ya fito da tasa mai suna Plexiglas a 1933. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da ita aka yi ta yin tagogin jiragen sama na yaƙi. A shekarar 1949 kuwa wani likitan ido na Ingila, Harold Ridley, ya fara dasa ɗan madubi na akirilik a idon mai yanar ido, bayan ya lura cewa ɓarɓashinta da ya shiga idanun matuƙa jiragen bai dame su ba. Abin da idon mutum ya zauna da shi lafiya ba zai cuci kifi ba.

Gane su ba wuya. A ƙwanƙwasa da farce: gilashi na ƙara siririya, akirilik kuwa ƙararta a dushe take. A ɗora tafin hannu: gilashi ya fi sanyi. A dubi kusurwa: akwatin gilashi ana haɗa shi da wani danƙo mai laushi kamar roba, bakin gilashin kuma yakan yi kore-kore, amma na akirilik mahaɗinsa garau yake kamar an narka su tare, wani ma a lanƙwashe kusurwar take ba mahaɗi. Bugu da ƙari nauyin akirilik bai kai rabin na gilashi ba.

Akirilik ta fi gilashi jure bugu, amma ta fi shi laushi ƙwarai, shi ya sa ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta zana ta. To, wannan laushi da ya zama aibinta shi ne kuma rufin asirin mai gyara, domin abin da ke karcewa da sauƙi yana gogewa da sauƙi. In kuwa akwatin na gilashi ne, sai a tsaya nan. Samfefa ba za ta ƙara masa komai ba sai lalacewa, gyaransa na masu sana'ar gilashi ne da injinsu da garin gogensu na musamman.

ABIN DA AKE NUFI DA GYARA

Mutane da yawa suna zaton akwai wani mai da ake shafawa ya cike zanen. Ba haka ba ne. Manomi zai fi kowa fahimtar abin. Zane a jikin akwati kamar kwarin kunya ne a gona: ba cike shi ake yi ba, baje kunyoyin da ke gefensa ake yi har fili ya daidaita da gindin kwarin. Samfefa mai kaushi ta ci jikin akwatin har zuwa zurfin zanen, ta bar nata ƙananan zane. Wadda ta fi ta laushi ta zo ta share waɗannan ta bar waɗanda suka fi su ƙanƙanta. Haka za a yi ta bi hawa-hawa har zanen ya ƙanƙance yadda ido ba ya iya ganinsa, sa'an nan man gogewa ya dawo da sheƙi.

Wanda ya gane wannan ya gane abubuwa biyu. Na ɗaya, kowane gyara yana rage kaurin akwatin, ko da kaɗan ne, saboda haka ba a ci fiye da bukata. Na biyu, ba a tsallake hawa.

KAYAN AIKI

Ana bukatar samfefar ruwa, baƙar nan da masu fentin mota ke aiki da ita, ba ta kafinta ba. A bayan kowace akwai lamba, kuma yadda lambar ta ƙara girma haka laushinta ke ƙaruwa. A nemi lamba 600, 800, 1000, 1500, 2000, in da hali har da 3000. Akwai wasu masu laushi ƙwarai da ake kira Micro-Mesh waɗanda lambarsu ke kaiwa 12000, wanda ya same su aikinsa zai fi kyau. Ta kafinta mai lamba 80 ko 120 kuwa kada ma ta kusanci wurin.

Sai man goge roba, irin su Novus mai lamba 3 da 2 da 1, ko wani wanda aka rubuta a jikinsa cewa na akirilik ne. Sai ƙyallaye masu laushi na auduga, wankakku, waɗanda ba maɓalli ko zif a jikinsu. Sai bokitin ruwa mai tsabta, da tocila, da guntun robar silifas sabuwa wadda za a naɗe samfefar a kai, domin in da yatsu aka danna, yatsun za su bar kwari a jikin akwatin.

Kafin a taɓa akwatin maigida, a je wurin mai allunan talla a roƙi guntun Perspex da ya yar, a karce shi da gangan, a gwada hannu a kai har sai an ga ya koma garau. Ba a koyon aski a kan sarki.

A FARA DA FARCE

A wanke wurin da ruwa, a bar shi ya bushe, a haska tocila daga gefe, sa'an nan a ja farce a kan zanen. In farce bai ji komai ba, hazo ne kawai, man gogewa kaɗai ya isa. In farce ya ji shi amma bai tsaya ba, a fara da lamba 1500 ko 1000. In farce ya maƙale, zanen na da zurfi, sai an sauko zuwa 800 ko 600. Ƙa'idar ita ce a fara da mafi laushi, in ba ta ci ba a sauko hawa ɗaya.

A kuma tabbatar ko zanen na waje ne ko na ciki. Na waje ana gyara shi kifi na cikin ruwansa, sai dai a rufe saman akwatin kada wani abu ya fantsama ciki. Na ciki shi ne mai aiki.

A FITAR DA KIFI TUKUNA

Man gogewa ba ya shiga ruwan da kifi ke ciki. Saboda haka in zanen na ciki ne, a nemi baho ko babban bokiti wanda sabulu ko omo ko mai bai taɓa shi ba, a ɗebo ruwan akwatin a zuba, a kwashe kifin da 'yar koma a hankali, a sa musu injin iska, a rufe bahon da raga domin kifin da ya firgita tsalle yake yi. Soson da ke cikin matatar ruwa kuwa a ajiye shi jiƙe a cikin wannan ruwa, kada a wanke shi da ruwan famfo, domin akwai ƙananan halittu a cikinsa waɗanda ke kashe dafin kashin kifi, in sun mutu ruwan zai koma guba cikin 'yan kwanaki. A zaɓi ranar da ake da tabbacin wuta ko janareta, kada iska ta yanke wa kifi ana tsakiyar aiki. A cire duk wayoyin wuta daga bango kafin hannu ya shiga ruwa. A kwashe tsakuwa da yashi sarai, domin ƙwaya ɗaya da ta maƙale a samfefa za ta mai da aiki baya.

YADDA AKE GOGEWA

A jiƙa samfefa na 'yan mintoci, a naɗe ta a robar silifas, a jiƙa wurin. A goga a miƙe, daga hagu zuwa dama, ba da ƙarfi ba, ana yi ana zuba ruwa. Ruwan zai yi fari kamar tsinkakken kamu, wannan alama ce samfefa na ci. Kada a tsaya a kan zanen kaɗai, a haɗa da inci biyu ko uku na kewayensa, domin wanda ya ci wuri ɗaya zai bar ɗan kwari, kuma in an cika ruwa duk kifin da ya gifta ta wurin za a gan shi a karkace.

Daga nan a share wurin, a bar shi ya bushe, a haska tocila. Wannan bushewa wajibi ce, domin ruwa na shiga cikin zane ya ɓoye shi, mutum ya zaci ya gama alhali da saura. In zanen farko ya ɓace, a wanke wurin da hannuwa da robar, a ɗauki lamba ta gaba, a goga daga sama zuwa ƙasa, watau a gicciye aikin farko, a kuma ɗan faɗaɗa wurin. Amfanin gicciyewa shi ne a gane lokacin da layukan baya suka ƙare. Muddin ana ganin layi ɗaya mai bin hanyar da ta wuce, ba a gama da wannan lamba ba. Haka za a yi ta sauyawa har a kai ta ƙarshe.

A nan ne zuciyar sabon shiga ke tsinkewa, domin bayan lamba ta farko wurin zai yi fari fat, ya fi da muni. Kada a tsorata, haka aikin yake. A lamba 1500 farin zai soma sirancewa, a 2000 ko 3000 za a fara hango abin da ke bayansa kamar ta cikin hazo. Sai a ɗiga man gogewa a ƙyalle, a murza da ɗan nauyin hannu har ya kusa bushewa, a share da wani ƙyallen, a sake, har sheƙi ya dawo. Zane ɗaya na iya cin sa'a guda ko fiye, fuskar akwati gaba ɗaya kuwa aikin yini ne ko biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

Wasu sukan ɗaura ƙyalle a bakin injin huda domin sauri. Wanda bai ƙware ba ya bar wannan, domin akirilik na fara laushi in zafi ya kai wajen digiri 100, injin da ya tsaya wuri ɗaya kuwa nan da nan zai ƙona wurin ya bar tabon da ya fi na farko. Haka kuma kada a yarda da mai cewa a gifta harshen wuta a kai.

In an gama, a ɗauraye cikin akwatin da ruwa zalla sau da yawa har ƙamshin man ya fita, ba sabulu. A mai da tsakuwa da tsohon ruwan, a cika da sabon ruwa wanda aka sa wa maganin kashe kulorin in na famfo ne, a bar injin ya yi aiki, kana a mai da kifi.

INDA HANNU ZAI TSAYA

Ba kowane layi ne zane ba. In an dubi layin daga gefe aka ga ya nutsa cikin naman akwatin yana walƙiya, wannan tsagewa ce. In an ga ƙananan layuka birjik kamar saƙar gizo a cikin jikin, ko mahaɗi ya yi fari ko ya tara kumfa, ko kuwa ramin na da zurfi kuma yana kusa da gindi ko kusurwa, to samfefa ba ta da magani, ƙara raunana wurin za ta yi. Garin neman gira kada a rasa ido.

Dalili kuwa shi ne nauyin ruwa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Akwati mai tsawon ƙafa 4, faɗi ƙafa ɗaya da rabi, tsayi ƙafa ɗaya da rabi, yana cin lita 240 da 'yan kai, watau kusan jarka 10 ta lita 25, nauyin da ya kusa na buhun siminti 5, kuma dannawar ruwan ta fi tsanani a gindi. Shi ya sa fuskar babban akwatin kifin da aka buɗe a kantin Dubai Mall a shekarar 2008 kaurinta ya kai santimita 75. Kuma duk da irin wannan shiri, ran 16 ga Disamba 2022 wani ƙaton akwatin akirilik mai suna AquaDom ya fashe a cikin wani otal a Balin ta Jamus, ruwa kimanin lita miliyan ɗaya ya malala har titi, kifi wajen 1,500 kusan duk suka hallaka. Na falo bai kai wannan ba, amma jarka 10 a kan kafet da wayoyin wuta ba ƙaramar asara ba ce. Wanda ya ga tsagewa ya rage ruwan nan take, ya fitar da kifi, ya gaya wa mai akwati a kira masu haɗa shi.

RIGAKAFI

Kada a share akirilik a bushe. Tana jan ƙura, ƙurar hunturu kuwa garin yashi ce, yashi kuma ya fi gilashi kansa tauri balle roba. A fara kwarara ruwa, sa'an nan a bi da ƙyalle mai laushi. Ban da soson ƙarfe, ban da koren soson wanke-wanke, ban da reza, ban da jarida, ban da toka. A cire gansakuka da soso mai laushi wanda aka yi domin akirilik, ko da gefen tsohon katin waya na roba. Mai amfani da mayen ƙarfen nan da ake jan soso da shi daga waje ya tsaya inci biyu sama da tsakuwa, domin a nan soson ke ɗaukar yashi ya ja shi tun daga wannan kusurwa har waccan.

Haka nan fetur da tinar masu fenti da sifirit da ruwan cire jan farce da ruwan fesa wa tagogi duk abokan gaban akirilik ne. Su ne ke jawo saƙar gizon nan da ba ta gyaruwa.

SANA'A CE

Abu na ƙarshe ya fi duka muhimmanci. Wanda ya karce akwati ya faɗa wa maigida da bakinsa tun kafin a gani, ya nuna masa guntun Perspex ɗin da ya gwada a kai, ya nemi izini kafin ya sa samfefa. Wanda ya yi a ɓoye, aka shigo aka tarar da shi a lokacin da wurin ya yi fari fat, ba wanda zai saurari bayaninsa.

Wanda kuwa ya iya wannan aiki ya samu abin da ya wuce ceton albashin wata. Otal-otal da ofisoshi da manyan gidaje na Kudu suna da irin waɗannan akwatuna, kuma duk akwatin da ake amfani da shi sai ya karce wata rana. Ko a can gida, inda kifi bai daina zama na tukunya ba, akirilik ta riga ta isa: ga allunan shaguna, ga akwatunan nuna wayoyin hannu, ga jajayen fitilun bayan mota, a Mutum Biyu da Jalingo da Wukari. Hannun da ya gyara wancan shi zai gyara waɗannan. Fitilun gaba ne kawai dabam, domin wata irin roba ce mai rufi a sama, in an goge sai an sake mata rufin, in ba haka ba ta koma rawaya. Tabarau na ido kuwa a bar wa masu shi.

Ɗan Mutum Biyu ya zo Kudu da sanin kifi, wanda ba a saye shi a kasuwa. In ya haɗa da sanin akwatin, ran da ya hau motar Jalingo zai koma da abin da ya fi tsaraba.